Gyaran da Na Yi wa Ma'aunin Sin

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Alhaji Bawa, abokin karatuna tun muna riƙe da allo, ya komo Birnin Gwari daga aikin hajji. Cikin tsarabarsa akwai ma'auni ƙirar ƙasar Sin, kyautar wani mahajjaci mutumin Jawa: siririn sanda na hauren giwa mai ɗige-ɗige, da faranti guda a gefe ɗaya, da ɗan dunƙulen tagulla a jikin zare. Da zai tafi Kakangi gaida mahaifiyarsa, ni ya bar wa amanarsa.

Na dubi abin, tausayi ya kama ni. A duk littattafan da na karanta, mizani faranti biyu gare shi. Na yanke cewa ɗayan ya faɗi a hanya, kunya ce ta hana Alhaji faɗa. Na kira Tanko maƙeri, na umarce shi ya huda ɗaya bakin, ya rataya faranti.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, anya ba haka masu shi suka ƙera shi ba?"

Na ce ya tsaya ga uwar maƙerarsa, ya bar wa malamai sha'anin mizani. (Dunƙulen kuwa, da shi nake danne takarduna saboda iska.)

Ran da Alhaji ya dawo, na tara dattawan unguwa a zaurena bayan la'asar, na warware ƙyallen da na naɗe ma'aunin a gabansu ina jiran godiya.

Alhaji ya dubi ma'aunin. Sannan ya kwance farantin Tanko, ya ɗauke dunƙulen daga kan takarduna, ya zuba tozali a farantin asali, ya riƙa jan zaren bisa sanda.

"Malam, wannan dunƙule shi ne farantin da kake yi wa ta'aziyya. Wannan ɗigo awo ɗaya ke nan, tahil suke ce masa a Jawa; tahil sha shida ne babban awonsu, kati."

Sai dai sandan ya ƙi tsayawa daidai kan ɗigon, domin hujin ya rage masa nauyi. Tanko, da ke zaune cikin dattawan, ya kawar da kai, wannan kuwa ya fi komai yi mini ciwo.

Na nemi gafara. Alhaji ya yi dariya, ya miƙo mini farantin Tanko ya ce, "Riƙe, ladan gyara."

Yana nan a zaurena, ina sa alƙaluma a ciki. Yanzu in na ga abin da babu shi a littattafaina, mai shi nake fara tambaya kafin in aika kiran maƙeri.