Gaisuwa a Kan Tudun Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta akwai masu tuna mini, da safiyar Asabar ɗin da na fara tuƙa mota a cikin dusar ƙanƙara. Shekarata ta farko ke nan a Amurka, ina karatun digiri na biyu a College Park, ina zaune a gidan Anti Bilki, ƙanwar mahaifiyata, wadda likita ce.

Bari in fara da dalilin fitar, don kada ku ɗauka yawon shan iska na tafi. Akwai wani Nasir, injiniya, da magana ta yi nisa tsakaninmu har ta kai ga batun aure. Yayarsa, Anti Hadiza, ta haihu a Wheaton, wani gari kusa da mu, mahaifiyarsu kuma ta taso takanas daga Katsina don ta kula da jego. Tun kafin ta sauka Nasir ya faɗa mini gaskiya: Hajiya ta ce ba za ta ba kawunansa izinin zuwa gidanmu ba sai ta ga yarinyar da idonta, domin tana jin labarin 'yan matan da ƙasar waje ta wanke wa kunya tas. Wato ranar sunan jaririn, Asabar ɗin nan, ga kowa ranar cin shinkafa ce, ni kuwa ranar jarrabawa.

Mun tsara da Anti Bilki za ta raka ni, ita ce za ta tuƙa. Na dama kunun kanwa na maijego cike da babbar kula, na toya waina, na goge laffayata mai ruwan toka. Ina cikin ɗaura ɗankwali aka kira ta daga asibiti, wai abokin aikinta hanya ta hana shi fitowa. Ta ajiye mini makulli a kan tebur tana saka takalmi.

"Ki tafi a hankali. Kuma don Allah ki naɗe ƙafar hagun nan taki ki ajiye ta a gefe, ba ta da aikin yi a motar nan."

Ta san abin da take faɗa. Ni a Zariya na koyi tuƙi, a tsohuwar motar Baba mai giyar hannu, wadda in ba ka taka kuloci har ƙasa ba sai ta yi maka tari ta mutu a tsakiyar kasuwa. Motar Anti Bilki kuwa otomatik ce, totur da birki kawai, sauran aikin ita ke yi da kanta. Na samu lasisina tun lokacin zafi, amma ƙafata ta hagu ba ta taɓa yarda an sallame ta daga aiki ba. (Kun san tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya amma kullum sai ya leƙo ofis? To ita ce.)

Da na buɗe ƙofa na fito, sai na tsaya cak da kula a hannu.

Na taɓa ganin dusar ƙanƙara a hoto, na kuma ga 'yar kaɗan ta sauka ta narke makonnin baya. Amma wannan daban ce. Ta kwana tana zuba, sannan aka yi yayyafi a kanta ya daskare. Kowane reshe na kowace bishiya ya shiga cikin kube na gilashi, har ƙananan tsinkaye ba a manta da ko ɗaya ba. Rana ta fito sama-sama, tana taɓa su suna ƙyalli kamar an rataye wa unguwar sarƙoƙin amarya. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Ban san akwai irin wannan shiru a duniya ba, kamar an lulluɓe garin da bargo an ce kowa ya yi magana a hankali. Na ji ƙwalla ta taru a idona, na ce Subhanallahi, Wanda ya yi rairayin Sahara shi ya yi wannan, kuma ya bar ni na ga duka biyun.

Wayata ce ta dawo da ni. Nasir ne.

"Na ji Anti Bilki ta tafi aiki. Ki jira ni in zo in ɗauke ki."

"Ka ɗauke ni? In sauko daga motarka a gaban Hajiya, ranar farko? Ka fito fili kawai ka ce ka fasa."

Ya yi dariya, sannan ya sauya murya. "To ki saurara. Kada ki taka birki da ƙarfi, ki riƙa lallaba shi. Ki bar tazara sosai tsakaninki da na gaba. Babban abin shi ne layin su Yaya Hadiza, tudu ne, kuma motar zuba gishirin narkar da ƙanƙara ba ta shigo ba tukuna. Idan kin fara hawa, kada ki tsaya ko me ya faru, sai kin kai can sama inda wurin ya baje. Kin ji? Kada ki tsaya."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Manyan tituna an share su an watsa gishiri, sai na bi su a sannu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Sau ɗaya kawai gabana ya faɗi, a wata danja, da na taka birki sai ya yi ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata yana gurnani. Na ɗauka wani abu ne ya karye, ashe haka yake yi idan yana kokawa da santsi. Ban da wannan, tafiya ce mai daɗi. Iska na kaɗa farin gari daga rufin gidaje yana tashi kamar hayaƙin turaren wuta, ni kuwa ina ta haɗa baituka a raina, ina jin kaina wata gwana. Har na fara tsara yadda zan ce, "Ai ba komai, ni na tuƙo kaina," cikin murya ƙasa-ƙasa.

Na karyo kwanar layin, ga tudun. Ba wani tsauni ba ne, irin wanda a Zariya ko mai keke ba zai sauka ba. Amma yana sheƙi kamar bayan faranti. Na yi bisimilla, na danna totur a hankali, motar ta kama hawa sumul, ba gardama.

Na kai tsakiya ke nan sai na hango ta.

Wata dattijuwa tsaye a bakin titi, daidai ƙofar gidan Anti Hadiza, da zanen atamfa da hijabi, an ɗora mata wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza da ta kai mata gwiwa. Ta miƙa tafin hannunta sama tana tarar 'yan ƙwayoyin da iska ke kakkaɓowa daga bishiya, tana kallonsu suna narkewa, bakinta a ɗan buɗe kamar yarinya. A barandar gidan kuwa mata ne cike, kowacce da waya a hannu, suna ɗaukar ta bidiyo don a tura wa mutanen gida. (Ku riƙe wannan: wayoyi a kunne, duk sun fuskanci titi.) Ba sai an gaya mini ba, hancin Nasir ne sak a fuskarta.

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah. Yarinyar da aka rena a gidanmu, ta ga babba a tsaye, babbar ma uwar wanda zai aure ta, ta wuce ta fuu a mota, gilashi a rufe? Kaina bai ma gama tunanin ba, jikina ya riga ya yanke hukunci. Ƙafar hagu, da ta daɗe tana jiran ranarta, ta zabura neman kuloci, ta samu faffaɗan birki, ta take shi har ƙasa da dukkan ƙarfinta.

Motar ta tsaya. Na ji kunu ya ce ɓalam a baya, amma ta tsaya, daidai gaban Hajiya. Na ce a raina, ka ga Nasir da tsoro.

Na sauke gilashi. To, ba a gaida babba kana zaune ƙiƙam kamar mai jiran canji a gidan mai. Fita ba ta yiwuwa, don ina sakin birki ban san abin da zai biyo baya ba. Sai na yi abin da ya rage: na zame ƙasa a kan kujera iya yadda bel ɗin kujerar ya bar ni, na sunkuyar da kai, na kafe idona a kan cinyata.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, 'yan mata. Sannu da zuwa, sannu da sanyi."

"An zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lafiya."

"Ya maijego da jariri? Allah ya raya."

"Amin, amin…"

Na lura muryarta tana raguwa. Na ce a raina, oh, ta juya za ta shiga gida, ko dai ban yi mata ba? Sai na ƙara ladabi, na ƙara sunkuyawa.

"Ya aka baro mutanen Katsina?"

Daga nesa, da ɗan ƙarfi, na ji an ce, "Suna lafiya! Ke 'yar nan, ina kuma za ki?"

Sannan na ɗago. Hajiya tana nan inda take. Ni ce ke tafiya. Motar tana sulalewa da baya, a hankali, tayoyi a ƙulle, ba ƙara ba gurnani, kamar kwalekwalen da aka manta ba a ɗaure ba. Hannuna na dama ya kai wa giya cafka don in saka lamba ɗaya, ya damƙo iska. Na laluba birkin hannu, babu shi, a motar nan wani ɗan maɓalli ne da ban taɓa tambayar inda yake ba. Na taka totur, tayoyi suka yi ta juyi a banza, gaban motar ya karkata. Na koma birki. Daga nan ta ƙwace, ta fara juyawa.

Zan faɗi wani abu da har yau mutane ba sa yarda. A cikin juyin nan tsoro ya sake ni. Duniya ce ta riƙa wucewa ta gabana a natse, fara fat: bishiyoyin gilashi, rufin gidaje, wani jan tsuntsu a kan waya, rana tana tsattsagowa ta cikin rassan tana fashewa launi-launi. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta wannan lokacin ba. Ga sitiyari a hannuna, ga birki a ƙafata, ga lasisi a jakata, amma babu abin da yake nawa a cikin tafiyar nan. Na ji bakina yana cewa Allahu Akbar, kuma ba don neman ceto kaɗai ba.

Sai juyin ya kawo ni ina fuskantar baranda, na ga wayoyi sun bar Hajiya sun dawo kaina, na ga Nasir ya fito da gudu da kofin shayi, santsi ya zaunar da shi a kan matakala. Kuma (wannan ne wurin da ake maimaitawa a bidiyon) da gilashina ya sake saitin Hajiya, sai na sunkuyar da kai.

A gindin tudun akwai tarin dusar da aka share daga babban titi, wani maƙwabci ya gina mutum-mutumin dusa a kai, da hula da hancin karas. A nan motar ta je ta zauna, a hankali, buf. Kan mutum-mutumin ya gangaro ya sauka a kan bonet yana kallona. Kula ta kife. Kunun kanwa mai ɗumi ya biyo ta ƙarƙashin kujera ya cika mini takalmi.

Na kashe mota na zauna. Na roƙi dusar nan, tunda ta iya rufe gari guda, ta taimaka ta rufe ni.

Maza suka gangaro da shebur suna ta "sannu, sannu," kowa na cije leɓe. Bayansu sai ga Hajiya, ta bi ta gefen ciyawa inda ba santsi, tana riƙe da hannun Anti Hadiza, maijego guda da aka hana fita. Ta leƙo ta taga, ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmin da ke iyo.

"Ba ki ji ciwo ba?"

"A'a, Mama."

"To alhamdulillahi. Ai ba mu gama ba. Ya wajen su mamanki?"

Matan da suka biyo ta suka fashe da dariya, har wata na riƙe ciki. Ni kuwa hawaye ne suka zubo. Hajiya ta daka musu tsawa, ta buɗe ƙofar da kanta, ta kamo hannuna. Muna hawowa a hankali ta tsaya, ta ɗebo dusar a tafinta ta nuna mini.

"Dubi ikon Allah, 'yata. Ruwa ne fa wannan. Na kai shekarun nan ban san ruwa yana da wannan fuskar ba."

Muka tsaya mu biyu muna kallon abin yana narkewa, ni da ƙafafu masu warin kanwa.

Bayan azahar, ina ɓoye a ɗakin maijego cikin aron zane, na jiyo muryarta daga falo tana magana da Nasir, ba ta ko rage sauti ba.

"Ka kira kawunanka su sa rana su je Zariya. Yarinyar da mota ke gudu da ita da baya amma ba ta yanke gaisuwa ba, ba a barin irinta." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai ka ji da kyau, ni ba za ta tuƙa ni ba. Ko a Katsina. Ko da rani."

Ta kuwa cika alkawari, har yau in za mu fita tare sai ta tambayi wa zai ja motar kafin ta ɗauki mayafi. Bidiyon ya riga ni isa Katsina, har ranar ɗaurin aure wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Au, ke ce mai juyawar?"

Abin da na koya shi ne, ladabi yana da kyau, kuma ni shaida ce yana biya. Amma ƙanƙara ba a rene ta a gidan Hausawa ba, ba ta san babba ba, ba ta san suruka ba. Saboda haka 'yar uwa, in kin hango dattijuwa a tsakiyar tudu, ki daure ki zama marar kunya na ɗan lokaci, ki kai sama ki ajiye motar mutane, sannan ki gangaro da ƙafa ki durƙusa. Gwiwa ce kawai za ta jiƙe.