Tunau da Lasifikokin Baba

Duk faɗin garinmu babu wanda ya san lasifika kamar ni, Sallau. Ta yi tari kawai, in gaya maka inda ke mata ciwo. Haka nake faɗa a majalisa, ana ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana, ko waya ban iya haɗawa ba sai na leƙa yadda Baba ya ɗaura ta.

Baba ya rasu ya bar lasifikoki biyu na katako, tsofaffi, sun girme ni. Da su ake biki da suna da kokawa a garin. Mu uku ne a gida: Inna, da ni, da yayana Tunau, wanda in ka ce masa tsaya nan, gobe a nan za ka same shi. Inna ta yanke hukunci: "Na yayanka ne, shi ya yi wa ubanku dakonsu. Amma ranar da ya kashe ɗaya, sun zama naka." Ni kuwa na riga na gama magana da wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da ke son maganaɗisun da ke cikinsu. Sai na shiga ba Yaya shawara.

Wata rana na ce, "Yaya, ƙura ke kashe lasifika. Ka tsabtace su kamar yadda kake tsabtace jikinka." Ya kai ɗaya bakin rijiya da soso da sabulu, ya wanke ta tas. Takardar cikinta ta jiƙe, ta yage. Na ce a raina an gama. Ashe kwana uku ya yi zaune da gam da ƙyallen tsohuwar rigar Baba yana liƙi. Aka jona ta, ta yi magana, da 'yar shaƙewa kamar mai mura. Inna ta ce, "Ai ba ta mutu ba."

Wata rana ana suna a gidan sarkin fawa, na ce, "Rana na busar musu da katako. Kada ka bari ta taɓa su." Inuwar dalbejiya na matsawa, Yaya na jan lasifikoki yana bin ta. Daidai lokacin da liman zai faɗi sunan jariri, waya ta tsinke. Aka ga bakinsa na motsi, aka shafa fatiha a kan sunan da ba wanda ya ji. Sarkin fawa ya hana mu nama. Lasifikoki kuwa lafiyarsu ƙalau, har sun yi sanyi.

Wata rana na ce, "Ɓera na cin takardar nan. Sai da kyanwa a kusa."

"Kusa yaya?"

"Iyakar kusa, Yaya."

Ya ɓalle bayan akwatin, ya saka kyanwar Inna, ya mayar da ƙusa. A wurin biki aka saki kiɗa, sai lasifika ta kama kuka tana rawa ita kaɗai. 'Yan matan amarya suka watse, ana cewa aljanu ne. Da aka buɗe, hannuna kyanwar ta yakusa, takarda ko ƙwarzane.

Na gaji. Ran kokawar kaka da safe, Yaya ya tafi ɗebo ruwa, na murɗa amfilifaya, na'urar da ke ba su ƙarfi, har ƙarshe. Lasifikar hagu ta yi ƙara, ta yi ƙauri, ta yi shiru. Da ya dawo na zaunar da shi. "In Inna ta tambaya, ka ce kai ka murɗa har ta ƙone. Kada ka ce Sallau ne. Maimaita." Sau bakwai ya maimaita, yana shafa akwatin, idonsa da ƙwalla.

Da la'asar fili ya cika maƙil, Inna na gefe da farantin dafaffiyar gyaɗa. Sarkin kokawa ya ce a gwada sauti. Na miƙa wa Yaya makirfo don a ga a hannunsa abu ya lalace.

"In ce me?"

"Kai, faɗi duk abin da ka iya!"

Abu ɗaya ya iya ranar. Ta dama ta kwashe shi tiryan-tiryan har bakin kasuwa: "In Inna ta tambaya, ka ce kai ka murɗa har ta ƙone. Kada ka ce Sallau ne."

Makaɗa suka tsaya. Wani daga can baya ya ɗaga murya, "Tunau, ƙara faɗa, ba mu ji ba!" Ya ƙara.

Inna ta ajiye faranti, ta ratsa 'yan kokawa har gabana. Ba ta ɗaga murya ba. "Cire hannunka daga kayan yayanka. Daga yau ko inuwarsu kada ka tsaya."

Yaya ya juyo, makirfo na bakinsa har yanzu.

"Sallau, na faɗa daidai?"