Jatau da Motar Ƙaninsa

A Rafin Gora akwai wani gida mai mutum uku: Inna Hajo, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun da mijinta direba ya rasu a hatsarin mota, babban ɗanta Jatau, sai autanta Sadisu, wanda ya yi arziki a Abuja. Jatau gemu ya cika masa fuska, amma wayo bai samu wurin zama ba. Abin da aka ce ya yi shi zai yi, ba ragi ba ƙari, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa tsaki ba.

Wata rana Sadisu ya zo hutu da wata baƙar mota mai ƙofa huɗu, doguwa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ya ce don gudu aka ƙera ta haka, yadda iska ba za ta tare ta ba. Ya ce wa Jatau, "Yaya, ka kula, kada cikinta ya taɓa ƙasa." Jatau ya ɗauko fartanya ya yi ta ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashinta har ramin ya ci wurin tayoyi. Motar ta zauna a ciki daram. Sai da aka nemo shanun huɗa suka jawo ta.

Wata rana kuma Sadisu ya ce kujerun na fata ne, suna son mai don kada su tsage. Jatau ya kwashe man shanun Inna kaf, ya mulke su kamar yadda yake yi wa takalminsa. Kafin la'asar tururuwa ta kafa gari a ciki.

Wata rana aka ɗauko makaniki daga Kano. Ya jona kwamfuta a injin, ya cire abin da ke taƙaita mata gudu, ya sa tayoyi masu faɗi da salansa mai ruri. Da zai tafi ya ce injin yanzu zai riƙa zafi, yana buƙatar iska sosai. Jatau ya wuni tsugune yana yi wa injin fifita da maficin Inna. Kowa ya yi dariya ban da ita. Tun da ta ji rurin salansar nan abinci ya daina wuce mata, domin ta san me gudu ya yi mata a baya.

Ta kira Sadisu ta roƙe shi ya mayar da motar yadda take. Ya ce ai tana da birki mai kyau da fararen jakunkunan iska masu tare mutum in an yi karo. Ta ce likkafani ma fari ne mai kyau. Magana ta yi zafi, har ya faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uwa: zai koma Abuja, kuma ba zai ƙara taka gidan ba. Ya fito yana huci ya ce, "Yaya, duk abin da yake nawa a gidan nan ka sa mini a mota. Kada ka bar komai." Ya wuce yin sallama da abokai.

Jatau ya sa jaka, ya sa takalma da buta. Ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, sannan ya shiga ɗaki ya sunkuci Inna. Tana faɗa tana dukan bayansa, bai saurara ba sai da ya zaunar da ita a kujerar gaba ya ɗaura mata bel.

Da Sadisu ya dawo ya gan ta, sai ya tsaya cik. Ya tambayi Jatau wannan wane irin shirme ne.

Jatau ya ce, "Ka ce komai naka. Ita ma ai taka ce."

Inna ba ta nemi a sauke ta ba. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Shigo mu tafi, Auta. Ka taka ta yadda ka saba. In ma mutuwar ce, wannan karon ba a gida za a zo a gaya mini ba."

Sadisu ya daɗe riƙe da murfin ƙofa, kansa a ƙasa. Daga baya ya shiga ya tayar. Ni da idona na ga motar nan ta fita gari tana rarrafe, har mai kurar ruwa ya wuce ta. Ba su kai bakin kwalta ba ya juyo da ita gida.