Ranar da Ma'aji Ya Yi Gwanjon Jan Bijimi

Duk faɗin lardin Olancho babu garin da Allah ya yi wa gata kamar Jicaral, domin a can ne Don Eleuterio Banegas ke riƙe da ofishin ma'aji. Kuɗin rumfar kasuwa, harajin gida, takardar izinin yanka, tarar dabbar da ta ɓalle, duk sai sun bi ta ƙarƙashin hatiminsa. Kuma ba ya buga hatimi irin na gama-gari. Sai ya naɗe hannun riga, ya hura wa hatimin iska, ya dubi rufi, sannan ya danna. Mutanen gari suka laƙaba masa Sarkin Tawada, da labari ya kai kunnensa kuwa ya ji daɗi ƙwarai.

Mutum ne mai tsare martabar kujera. A cewarsa, hannun da ke riƙe alƙalamin hukuma ba ya taɓa igiya. Shi ya sa rabonsa da leƙa bayan gidansa har an manta, inda matarsa Doña Remigia ta shekara biyu tana kiwon wani jan bijimi domin bikin 'yarsu Idalia. An gayyaci mutum ɗari biyu, kuma rabon kowa na jikin wannan dabba.

Da za ta tafi birnin Juticalpa da amarya ɗinkin kayan biki, amana ɗaya ta bar masa, ya riƙa duba bijimin. Ya ce to, ko kai bai ɗaga ba. Kwana biyu yunwa ta ishi bijimi, ya tsinke igiya, ya ture shinge, ya nufi dandalin gari ya cinye furannin gaban majalisa tas. Tsoho Nicanor, mai gadin garken da hukuma ke tsare dabbobin da suka ɓalle, ya kama shi ya ɗaure. Doka kuwa a bayyane take: dabbar da ta kwana takwas ba a zo nema ba, ma'aji zai yi gwanjonta.

Nicanor ya shiga ofis da malafa a hannu.

"Don Eleuterio, bijimin nan fa da na kama, maganar gida ce."

"A wannan ofis ba ni da gida, Nicanor. Ko wadda ta haife ni ce ta zo, layi za ta bi. In kana da ƙorafi, rubuto."

Nicanor ya rubuto. Takardar ta samu masauki a ƙarƙashin wasu arba'in.

Ranar gwanjo ma'aji ya fito da kwat da laƙataye a wuya, ya tsaya nesa da bijimin don kada takalminsa ya ɓaci. Gari ya cika, domin kowa ya san mai dabbar in ban da mutum ɗaya.

"Jama'a," ya fara, "akwai wani sakarai a garin nan da Allah ya ba dabba amma bai ba shi hankalin tsare ta ba. Ban san shi ba, ba na kuma son sanin sa. Irin su ne ke mai da ƙasa baya. Yau baitulmali zai koya masa darasi."

Aka tafa masa har da fito. Bijimin ya miƙo wuya yana masa kuka, shi kuwa ya ja da baya.

Mutum ɗaya ne ya taya, Fulgencio mahauci, wanda ma'aji ya taɓa shanya shi kwana uku a benci kan takardar yanka. Fulgencio ya ce lempira dubu huɗu na kuɗin ƙasar, abin da bai kai sulusin kuɗin dabbar ba. Ma'aji ya sallama, ya kuma buga masa izinin yanka nan take, don duniya ta ga yadda ofis ke aiki da sauri. Washegari Fulgencio ya karyar da nama, gida-gida tukunya ta hau wuta. Shi ma ma'aji ya aika aka sayo masa kilo biyu.

A ranar Doña Remigia ta dawo. Ta ga turke wayam, ta ji sauran bayani a bakin Nicanor. Ta dafa naman da rogo da ayaba, ta zuba wa maigida, ta zauna tana kallonsa har ya suɗe kwano.

"Remigia, wannan nama ba dai taushi ba. Ko wane ne ya yi kiwonsa, ya san aikinsa."

"Na gode, Eleuterio. Ƙara ko kaɗan, ai rabonka ne na bikin Idalia."

Ranar biki aka raba shinkafa da wake, ko ƙashi babu. Uban amarya ya miƙe ya yi jawabin rabin awa kan illar almubazzaranci. Baƙi ɗari biyu suka saurare shi cikin natsuwa, babu wanda ya yi ƙorafi, tunda kowa ya riga ya ci nasa naman tun makon jiya.