Kujerar Gaba da Inna Ta Ƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha ƙoƙarin in manta, da ranar da na zazzage wa mahaifiyata duk abin da ke cikina a kan hanyar yashi bayan shingen Magama. Har gobe in na ji warin daddawa sai in sunkuyar da kai ni kaɗai.

Zamanin kuɗin fetur ne, bayan ƙarin albashin nan da ya sa kowa ya ruga kanti. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota, wanda ko wutar lantarki babu a gidansa ya sayi firji yana ajiye takalma a ciki. Ni a lokacin ina aiki da wani kamfanin sayen fata da ƙaro, aikin da ya kai ni Ikko da Kwatano da Abijan da Hartum, har da Marsai ta ƙasar Faransa. Abokaina duk ƙananan motoci suka saya, masu kujerar baya ta kishingiɗa. Ni kuwa na sayo akori-kura, fara sol, da rumfar tamfol a bayanta. A Sudan boksi suke ce wa irinta, mutanen Maraɗi su ce bashe, abokaina kuma suka raɗa mata motar awaki.

Na kare ta da hujjoji, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Tana zuwa ofis, tana shiga ƙauye. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ba ta tsoron kwazazzabo ko kututture. Aibinta dai ba ya ɓoyuwa: in babu kaya a bayanta, ko a kan kwalta tsalle take yi kamar ɗan akuya, sai an ɗora mata nauyi take natsuwa. Kuma duk wanda zai tashi daga gidan haya a unguwarku, ranar nan ya zama amininka. Amma waɗannan hujjojin na bakin kasuwa ne. Ainihin dalilin da ya sa na saye ta ban gaya wa kowa ba.

Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu da ke rungumar iyayensu mata a filin jirgi ba za su gane nauyin wannan magana ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba. A hannun kakata na tashi, ita kuma Inna in za ta yi mini magana sai ta dubi wani ta ce, "Ku ce ma wancan." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. To amma yawo yana ɓata mutum. A Hartum na ga wani ƙaton ɗan kasuwa ya buɗe wa tsohuwarsa ƙofar boksi, ya sumbaci goshinta, ta zauna kusa da shi tana ta yi masa faɗa a kan gudun da yake yi. Na tsaya ina kallonsu kamar mayunwaci a bakin rumfar tsire. Faɗan nan na yi sha'awa.

Inna tana da yayarta, Iya Dije, a wani ƙauye can ɓangaren Nijar. Hanyar ta ratse daga kwalta jim kaɗan bayan Magama, ta bi cikin gonaki, ta tsallaka gulbi. Ƙaramar mota ba ta zuwa. Sun daɗe ba su ga juna ba saboda ciwon gwiwar Inna. Sai na yi lissafi irin na masu boko: akori-kura za ta iya hanyar, kuma kujera ɗaya gare ta, ta gaba. Dole Inna ta zauna kusa da ni. (Na yi ta yaba wa kaina wannan dabara tun daga Kano har Jibiya.)

Sai ga sanarwar suna, an yi wa Iya Dije jika. Na wanke mota tun da sassafe, ko karyawa ban tsaya yi ba, na fesa turare a kujera, na buɗe ƙofa na tsaya. Inna ta fito da mayafinta shuɗi, ƙanwata Ladi na biye da ita da wani babban ƙunshi na daddawa da kuka da gishiri da turmin atamfa. Inna ta leƙa cikin motar, ta ga kujera ɗaya, ta ja da baya kamar ta ga maciji.

"Ladi, ina wurin zaman?"

"Ga shi nan, Inna. Kusa da Yaya."

"Ke dai ba ki da hankali. Ɗauko mani tabarma."

Na yi magiya, na kawo zancen ƙura, na kawo zancen gwiwa. Inna ta dubi Ladi ta ce, "Ce ma wancan rana na yi." Aka shimfiɗa tabarma a baya, aka sa matashi, aka taimaka mata ta hau, ta zauna a ƙarƙashin tamfol ta jingina da ƙunshinta. Ladi ta koma gida wurin jaririnta tana danne dariya.

Haka na ratsa Jibiya, kujerar gaba fayau tana ƙamshin turare, uwata a baya kamar buhun gero. A bakin tasha wani dattijo ya ɗaga mini sanda ya ce, "Malam, gaban na aljanu ne?" Na yi kamar ban ji ba.

A shingen Magama na tsaya yin takardar fita da mota. A wancan zamanin mutanen iyaka wucewarsu kawai suke yi, dangi ne nan da can, amma sabuwar mota sai an rubuta ta. Na daɗe a ciki, don ma'aikacin kwastan ɗin ya ji ina Turanci, wani ɗan kasuwar Maraɗi ya ji ina Faransanci, ni kuma na samu masu sauraro. Da na fito na hango shuɗin mayafi a cikin duhun rumfa, na shiga na tayar da mota.

Da muka bar kwalta muka shiga hanyar gonaki, sai wani tunani ya zo mini. Akwai ɗan gilashi mai zugewa tsakanin mazaunin direba da baya. Ba ta ganin fuskata, ba na ganin tata. Ashe wannan ya fi kujerar gaba. Na zuge gilashin, na gyara murya, na ce, "Inna."

Shiru. Ban damu ba, don da shiru muka saba.

Na fara da kaɗan-kaɗan. Na ce mata motar nan saboda ita na saya. Na ba ta labarin mutumin Hartum da tsohuwarsa. Na gaya mata yadda zazzaɓi ya kwantar da ni a Abijan, a ɗakin da babu mai jin Hausa, mai gidan ya ce na kwana ina kiran wata Inna. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da za a kai ni makarantar kwana a Katsina, kowa ya fito rakiya ban da ita. Amma da na waiwaya na ga ƙafafunta a ƙarƙashin zanar gidanmu, da jan lalle a diddige, suna tsaye ba su motsa ba har muka sha kwana. Na ce mata duk ƙasar da na je, ƙafafun nan nake tunawa.

Na leƙa madubi. Shuɗin mayafi na nan, yana ɗan rangaji. Na ce lallai kuka take yi.

Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, na san ba za ki iya amsa mini ba. In kin yarda da ni, in na yi miki abin da ɗa ke yi wa uwa, kada ki ce komai. Shirunki ya ishe ni."

Ba ta ce komai ba.

Jama'a, na yi kuka. Ƙato da ni, da gemu da agogon ƙasar waje, ina tuƙi ina share hawaye da hannun riga. Cikin wannan hali na gangara gulbi. Rani ne, babu ruwa, sai yashi mai laushi kamar gari. Na san ƙa'idar yashi tun a hanyar Agadas: a rage iskar taya, a shiga da ƙarfi, kada a canja giya a tsakiya. Ranar ko ɗaya ban tuna ba. Muna kai tsakiya tayoyin baya suka fara juyawa a wuri guda, suna haƙa wa kansu rami, har motar ta zauna daram.

Na sauko na zagaya ina cewa, "Inna, yi haƙuri, sai kin ɗan sauka." Na ɗaga tamfol.

Tabarma na nan. Matashi na nan. Ƙunshin daddawa na nan a jingine, an lulluɓe shi da shuɗin mayafi saboda ƙura. Inna ce babu.

Da farko tsoro ne ya kama ni, na ɗauka ta faɗo a hanya. Na kama gudu ina bin sawun motata, babbar riga na harɗe ni, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Ban kai gaɓar gulbi ba sai ga wata tsohuwar motar katako ta ɓullo tana tari, cike da 'yan suna da buhuna da kaji. A gaba, kusa da direba, a kan kujera, wa zan gani? Inna. Ta yafa gefen zanenta, ta zauna daidai kamar matar gwamna.

Direban, wani dogon mutumin Maraɗi da ake kira Mamman Dogo, ya tsaya ya leƙo da kai.

"Kai ne mai bashe? Sannu da aiki. Mun iske tsohuwa tsaye bakin shinge, ta ce ɗanta ya tahi ya bar ta. Na ce wane ɗa ne wanga, a nuna mani shi in gani."

Mutanen baya duk suka miƙe tsaye don su gani su ma. Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai tun daga Magama nake yi mata magana!"

"Wa?"

"Ita Inna."

"To mi ta ce maka?"

Wata mata daga sama ta hango bayan motata ta ce, "La ilaha, da ƙunshi yake zance!" Motar katako ta kaure da dariya har kajin suka tsorata. Wani tsoho ya ce a tambayi daddawar ko ta gamsu. Na ji kamar yashin nan ya tsage in shige in bi tayoyina.

Mamman Dogo ya share hawayen dariya ya ce, "Amma kai ma, duk tsawon hanyar ga ba a amsa maka ba, ba ka yi mamaki ba?"

Na ce, "Ai dama ba ta amsawa."

Dariyar ta ragu. Matan da suka manyanta suka dubi juna, sun gane. Inna ta kawar da kai tana kallon gonaki. Can sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ƙullin ganye, ta miƙa wa direban ba tare da ta dube ni ba.

"Miƙa ma wancan. Bai karya ba ya fito."

Ƙosai ne, ya riga ya huce. Abin da ya saukar da ita a Magama ke nan, da gwiwar da ke ciwo, yayin da ni nake ciki ina baje kolin Faransanci.

Aka rage iskar taya, aka sa rassan sabara a ƙarƙashi, maza huɗu suka hau baya don ta yi nauyi, sauran suka tura, motar ta fito kamar ba ita ba. Na ci ƙosan nan a tsaye a tsakiyar gulbi da takalmi ɗaya. Na ci abinci a jirgin ruwa, na ci a manyan otal, ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a rai irinsa ba. Kafin mu isa ƙauyen labari ya riga mu, Iya Dije ta tarbe ni da, "Maraba da mai wa'azin daddawa." Sunan ya bi ni shekaru.

Da za mu koma, Inna ta sake hawa baya abinta. Na tayar da mota ke nan sai na ji ƙwas, ƙwas a jikin gilashi. Zobenta na azurfa ne. Muka tsaya a Magama, da zan tashi na sake jin ƙwas, ƙwas. Daga ranar, duk inda na kai ta, asibitin Katsina ne ko gaisuwar rasuwa a Daddara, ba na sa giya sai na ji bugun nan biyu. Ba ta taɓa zama a gaba ba. Ni ma ban taɓa maimaita jawabin ba, don irinsa sau ɗaya yake fitowa, kuma daddawa ta riga ta shanye shi.

Motar ta tsufa a hannuna. Bayan rasuwar Inna na daɗe in na kunna ta sai in zauna ina jira, hannu a kan giya, kafin in tuna babu mai bugawa.

Yanzu matasa kan tambaye ni ko akori-kura ta dace da zirga-zirgar yau da kullum da ɗan shiga daji. Nakan ce ta dace ƙwarai, in dai za ka jure tsallenta da roƙon maƙwabta. Ka rage iska kafin yashi, ka sa mata nauyi a baya. Kuma kafin ka buɗe wa wani cikinka, sauka ka ɗaga tamfol ka tabbatar yana nan.