But Ɗina a Ƙafar Bawa

Na manta abubuwa da yawa na zamanin kwaleji, amma ranar da na yi wa Bawa ɗan Zauro alƙalanci ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato. Ni ne lamba tara na kwalejinmu, kuma ni kaɗai ke da but, wato takalmin ƙwallo, a duk ƙungiyar (har man gyaɗa nake shafa masa). Bawa kuwa ɗan baya ne, ƙato, ƙafarsa duk faso saboda noman shinkafa, kuma ba takalmi yake wasa. In ya tare ɗan gaba sai fili ya ɗauka, "Bawa! Bawa!" Ni da nake cin ƙwallon, tafi biyu a wuce wurin. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai aka ce wani koci zai zo daga Sakkwato ranar da za mu je wasa Argungu, mutum ɗaya zai ɗauka zuwa babban kulob. Mutum ɗaya! Ni dai har na fara tunanin yadda zan yi sallama da gida.

Kafin a fara, kocin ya ja ni gefe, da yake ni ne kyaftin. "Wanga ɗan baya naku, yaya kaka ganinai? Shina iya wasan manya?"

Na gyara murya kamar masani. "Ranka shi daɗe, ƙarhi kam akwai. Amma bai taɓa sa but ba, can kuwa ba a wasa ƙahwa tsirara. Ka sa mai takalmi, tahiyar agwagwa za ka gani." (Har girgiza kai na yi, wai ni mai tausayi.)

Ya dubi ƙafata. "Gaskiyarka. To tuɓe naka ka ba shi mu gani."

Haka na zauna gaban jama'a na kwance igiya da hannuna. Da farko Bawa ya ɗan yi tangaɗi, zuciyata fes. Daga nan ya saba. 'Yan Argungu suka yi ta zuwa yana mayar da su, da but ɗina, wanda na shafa wa mai da safe. Ni kuwa shekara biyu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, ga filin cike da tsidau. Da na samu ƙwallo ni da gola, na ɗaga ƙafa na narka wa ƙasa babban yatsa. Ina birgima na ji wani daga 'yan kallo yana cewa, "Ashe takalmin ka wasa, ba shi ba!"

Bayan an tashi, kocin ya tara mu. "Bawa, shirya kayanka. Ka gode ma kyaftin, shi yac ce agwagwa za ka zama, shi yas sa nig gwada ka."

Kowa ya juyo ya dube ni. Bawan Allahn nan bai ma ji haushi ba. Ya rungume ni, ya ce, "Allah shi saka, kyaftin," ya miƙo mini but ɗina ya buɗe kamar kwalekwale. Bai ƙara zama a ƙafata ba.

Tun ina yaro nake jin ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, mai hassadar ne ke ɗaukar takin a kansa ya kai har gona.