Gida Ne Ke Cinyewa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, ranar da wata Baturiya da ban taɓa haɗuwa da ita ido da ido ba ta gaishe ni da babbar murya a gaban mutumin da nake neman 'yarsa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san ba Baturiyar ce ta kashe ni ba, bakina ne.

Lokacin ina karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon. Ina da bursu, wato kuɗin tallafin karatu, da yamma kuma ina kai wa mutane abinci a keke. A ajinmu an san ni da lissafi, kuma lissafin nan ne ya kumbura min kai. Wani ɗan ajinmu ya nuna min wasan karta a portabil ɗinsa, wato wayar hannu, wani nau'in poka, amma ba da 'yan wasa irinka kake karawa ba. Mace ce ta gaske, da rai da numfashi, tsaye bayan koren tebur a wata ƙasar da ban sani ba, kamara na ɗauko ta kai tsaye. Ta ba ka karta biyu, ta kife biyu a gabanta, ta buɗe uku a tsakiya. Daga nan ko ka bi ka ƙara kuɗi, ko ka kwanta (haka suke cewa, se coucher, kuma wallahi na kwanta a teburin nan fiye da yadda na kwanta a katifata). In ka bi sai ta buɗe sauran, a gwada hannunka da nata. Ita ba don kanta take wasa ba, masu wurin take wakilta, su ake kira la maison. Gida ke nan.

Ban taɓa kiran abin caca ba. Caca ai ta 'yan tasha ce, ni bincike nake yi. Har dokoki na kafa wa kaina irin na mutumin kirki: ranar Juma'a ba na taɓawa sai an sauko daga masallaci, in lokacin salla ya yi kuma sai in kife wayar (kamar dai kife waya yana ɓoye wani abu ga Wanda zan fuskanta). Sunan da na sa wa kaina a teburin shi ne Damagaram, don kishin garinmu. Akwai wurin da za ka rubuta saƙo, mai rabon karta ta karanta ta amsa maka da baki. Ku dubi ɗalibi shi kaɗai a ɗaki mai faɗin tabarma biyu, cikin sanyin Lyon, a ce masa "Bonjour Monsieur Damagaram" da murmushi. Ji nake kamar ni ne gwamnan Zinder.

Abin da ya fi ba ni haushi a wasan shi ne babu blof. In da mutum kake karawa, sai ka ɗaure fuska ka yi masa burga, ya tsorata ya kwanta ko da hannunka wayam ne. Gida ba ya tsorata, ko fuskarka ba ya kallo. Lissafin da nake taƙama da shi ya gaya min tun farko cewa a ƙarshe gida ke ci. Na ce ai "a ƙarshe" aka ce, ni kuwa zan sauka kafin a kai can.

Ban sauka ba. Bursu ya bi, kuɗin keke ya bi, ɗan abin da nake aika wa Inna duk wata shi ma ya bi. Inna ita ce mahaifiyata, tana yin alkaki a gida tun rasuwar babanmu. Na ce mata karatu ya yi tsada a bana. Ta ce, "Ka yi karatunka, mu muna nan lafiya lau."

To yanzu ga Alhaji Mutari. Abokin marigayi babana ne, yana da shagon shadda da atamfa a Château Rouge, kuma duk ɗan Damagaram da ya sauka Paris sai ya sha shayi a shagon nan. 'Yarsa Nafisa tana karatun harhaɗa magunguna, ranar Asabar tana riƙe masa kes, teburin karɓar kuɗi. Ita ce ta sa na zama mai yawan zumunci. Mun fahimci juna ni da ita, abin da ya rage kawai Alhaji ya yarda a turo manyana.

Wata rana cikin hunturu na je gaishe shi da wata 'yar jaket da iska ke ratsawa kamar rariya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗana, kana da bursu, kana aikin keke, amma rigar sanyi ta gagare ka? Ina kuɗin ke zuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, gida ne ke cinyewa."

Ku yi min adalci, ban yi ƙarya ba. A lokacin ma har na yaba wa kaina, na ce kai, ga hikima. Idon Alhaji ya kawo ruwa. Ya tashi ya ciro mantonsa, wata doguwar rigar sanyi mai kauri, daga jikin ƙusa ya yafa min da hannunsa. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Yaran yanzu in sun zo nan sai su manta hanyar gida." Daga ranar na zama abin misali a layin nan. Duk ɗalibin da ya shigo shagon da sabon takalmi sai an yi masa wa'azi da sunana. Wani ma har ya daina gaishe ni. Ni kuwa ina yawo cikin manto, ina amsa "amin, amin" da murya ƙasa-ƙasa irin ta salihan bayi.

Sai ga Asabar ɗin. Alhaji ya kira ni ya ce in zo, zai tara abokansa biyu su zama shaida, a kira Inna a waya a tsayar da lokacin da kawunnaina za su je neman aure wurin danginsa a can gida. Na hau jirgin ƙasa tun da safe, na sha babbar riga, na ɗora manton nan a kai. Bayan azahar dattawan suka zauna a kan kujeru tsakanin dilolin shadda ana zuba shayi, Nafisa na can bayan kes tana yi kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Na nemi izini na shiga ɗakin ajiya na baya, wai zan gyara rigata.

Me ya kai ni? Wallahi ban sani ba. Na ce hannu ɗaya kawai, don hankalina ya kwanta. Na maƙala ekuter, ɗan abin sauraron nan mara igiya, a kunne, na buɗe teburin, sai ga mai jan gashin nan da ta saba da ni. Ta raba, na samu sarki da goma, a tsakiya kuma ga wani sarkin. Daɗi ya kama ni, na danna bi, har na rubuta mata cewa wannan ne hannun ƙarshe, le beau-père yana jira na. Surukina ke nan, tun ba a ba ni ba.

"Ina yaron nan ne?" in ji Alhaji daga waje.

Na jefa wayar a aljihun manto ba tare da na rufe komai ba, na fito da sauri na durƙusa a gabansu. Nan ne tarbiyya ta yi min aiki. Ɗan Damagaram ba ya durƙusa gaban manya da abu a kunne. Na zare ekuter cikin ladabi, na sa shi a ɗan akwatinsa, na rufe. Duk mai irin wannan waya ya san inda murya ke komawa in an yi haka.

Daga cikin aljihun manton Alhaji, a tsakiyar shagon Alhaji, wata murya mai zaƙi ta tashi tar: "Alors Monsieur Damagaram, bonne chance avec le beau-père! Trois dames pour moi... la maison gagne. Désolée!"

Na shiga lalubar aljihu, hannuna ya ɓace cikin babbar riga, ita kuwa baiwar Allah sai ci gaba take, tana kiran mutane su zuba kuɗi. Faransancin Alhaji na kasuwa ne, amma beau-père da maison ba su fi ƙarfinsa ba. Ya juya wajen kes.

"Nafisa, me ta ce?"

Nafisa ta dube ni. Na roƙe ta da ido, irin roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta ce, "Tana yi masa fatan sa'a wurin surukinsa, Baba."

"Sai kuma me?"

"Ta ce gida ya ci."

Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon koren teburin da kartocin da matar. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin yadi, "Wannan ne gidan?"

"Shi ne, Baba."

"To. Ita ce uwargidan ke nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ƙware da shayi, ɗayan ya shiga salati. Ni ina durƙushe, zufa na bin bayana cikin manto, ina addu'ar a buɗe ƙasa ko da ramin jirgin metro ne in shige. Na ɗauka nan ne ƙarshen kunyar. Ashe ba a ma fara ba.

Alhaji ya kife wayata a kan dilar shadda, ya ɗauko tasa. Ya ce an riga an gaya wa tsohuwa za a kira ta, ba za a bar ta tana jira ba. Ya buɗe murya kowa na ji. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina yara, ina zafi, ina sanyin can. Sai ya ce, "Hajiya, ga ɗanki a gabana. Yana dai tunawa da gida ko?"

Na rufe ido. Tun kafin ƙaramar Salla ko dala ban aika mata ba.

Inna ko numfashi ba ta ja ba. Ta ce, "Wayyo Alhaji, yaron nan ai ba ya barin mu da komai. Ni ce ma nake ce masa ya rage, ya sai wa kansa rigar sanyi. Allah dai shi yi masa albarka."

Na yi watanni ina kukan cewa a wasan nan babu blof. Ga shi na ji na gaske, daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe karta ba, hannunta wayam, muryarta ko rawa ba ta yi ba, kuma duk don ta rufa min asiri. Hawaye suka zubo min a gaban dattawa, a gaban Nafisa, ban ko iya sharewa ba.

Alhaji ya ce, "Madalla, Hajiya. Haka muke so." Bai gaya mata komai ba. Ya ce maganar da aka shirya za a ɗan dakata sai yaro ya gama abin da ke gabansa, suka yi sallama. Sannan ya miƙo min wayata ya ce, "Koma Lyon. Ranar da ka gane hanyar gida, ka dawo mu yi magana." Na fara cire manton, ya ɗaga hannu. "Bar shi. Akwai sanyi." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ina bakin ƙofa Nafisa ta kira ni, fuskarta ba alamar wasa: "Monsieur Damagaram, ka manta ekuter ɗinka."

A cikin jirgin komawa na rufe asusun wasan, ban ko yi wa uwargida sallama ba. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, yatsana ya daɗe yana neman teburin nan shi kaɗai. Kuɗin keke na farko da ya shigo na aika wa Inna, ta kira tana faɗa wai me ya sa na wahalar da kaina. Har yau ba ta san komai ba, ko kuma ta sani, da Inna ba a ganewa.

Sai da na gama karatu na fara aiki sannan Alhaji ya sake tara dattawan nan biyu, kuma kafin in durƙusa ya sa aka karɓi wayata aka ajiye a kes. An ba ni Nafisa. Abin da na koya shi ne, in babba ya tambaye ka ina kuɗinka ke zuwa, ka faɗi gidan har da unguwa da sunan mai shi, don gaskiyar da aka yi wa kwaskwarima ta fi ƙarya saurin tona asiri. Yanzu kullum in na dawo daga aiki Nafisa na tarbe ni da "Sannu da zuwa, maigida." Tana ɗan jan ƙarshen kalmar, kuma har yau ban samu ƙarfin halin tambayar ta wane gida take nufi ba.